Mai Waldar da Ya Liƙe Gada

An yi wani mutum mai walda, ya 'yan uwa, shagonsa na bakin gada. Allah ya rufa masa asiri. Tukunyar gidansa ba ta kwana a kife, mahaifiyarsa na tsallaken gada a gidan wansa, kullum da safe sai ya haye ya gaishe ta. Ƙarfen aikinsa da tukunyar gas duk daga can suke zuwa. Me ya rage wa bawa in ba godiya ba?

Sai magana ta tashi, wai yankinsu za ya ɓalle daga tarayya, gadar ta zama iyaka. Mutumin nan ya zama limamin zancen. Wansa ya tako har shago ya ce, "Auta, in gwamnati ta turo soja fa?"

Ya ɗage tabarau ya yi dariya. "Yaya, kai ko inuwarka ka gani sai ka ba ta hanya! Ko harsashi ɗaya ba za su harba ba."

"To, Inna ta ce ka bar mata ƙofa."

Bai bari ba. Masu ɓallewa suka ba shi aikin ƙofar ƙarfe a tsakiyar gada, suka ce ya sa sakata. Ya ce sakata ta matsorata ce. Ya liƙe ta da walda sama da ƙasa, ana tafa masa.

Soja suka zo. Ba su harba ba, a nan ya yi gaskiya. Tsayawa kawai suka yi a tsallake. Ƙarfe ya ƙare, gas ya ƙare, shago ya yi tsit.

Ranar da Inna ta cika, ta tsakanin sandunan ƙofar wansa ya faɗa masa. Sojan da ke gadi ya tausaya, ya ce, "Buɗe ka wuce, Malam." Da me zai buɗe? Ya jijjiga, ya doka. Aikinsa ne, ba ya motsi. Yana riƙe da ƙarfen aka wuce da ita makwanci.

Yau, alhamdu lillahi, manya sun sasanta. An yanke ƙofar, kaya na wucewa, zumunci ya dawo, kowa na cin abincinsa cikin kwanciyar hankali. Shi kaɗai ne bai sake iya taka gadar ba.

Ya 'yan uwa, girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ko faɗa ya kai faɗa, kada ka rufe ƙofar da ba za ka iya buɗewa ba, don ba ka san wa ke bayanta ba.

Allah ya kiyaye mu da yanke zumunci, ya bar mu tsintsiya maɗauri ɗaya. Amin.