Robar Gilashin Motar Habila

A wani gari akwai wani tela mai suna Habila, mutum mai son abu ya fita tsaf. In ya ɗinka riga ya ga zare ɗaya ya karkace, sai ya farke ta tun daga wuya. Mahaifinsa, Baba Irmiya, tsohon direba ne, yana zaune a wurinsa tun da ƙafafu suka fara ƙi masa. A bayan gida kuwa akwai tsohuwar motar Baba, ƙirar Fijo, wadda ta daɗe a kan duwatsu har kaji sun mai da ita ɗakin kwanansu.

Wata rana Habila ya ƙudura zai tashe ta. Ya kai ta gareji, aka gyara injin, aka kankare tsatsa, aka yi mata fenti, kujerun kuwa shi da kansa ya ɗinka musu sabuwar riga. Mota ta tashi tana tafiya lafiya lau. Abu ɗaya ya rage, wato robar da ke zagaye da gilasan ƙofofi. Rana ta cinye ta, in ka taɓa sai ta marmashe a hannu kamar tsohon ƙuliƙuli. In ana ruwa sai ya tsiyayo ciki.

To, Baba Irmiya yana da ƙane a ƙauye, sunansa Istifanus. Sun yi faɗa a kan iyakar gonar gado, shekara da shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa su. Wata Lahadi bayan sujada, tsohon ya kira ɗansa.

Ya ce, “Habila, ina so ka kai ni wurin baffanka. Ni na gaya masa magana mai zafi, ni ya kamata in nemi gafara. Wannan ba maganar saƙo ba ce, sai ido da ido, jikina kuwa ba zai ɗauki motar haya ba.”

Habila ya ce, “To, Baba, za mu je. Bari dai in sa robar gilashi tukuna. Damina ce, kujerun nan za su jiƙe.”

Baba ya ce, “Ɗana, lokacin da nake tuƙa ta, tsumma nake cusawa.”

Habila ya yi dariya. Gaskiyar magana, ba kujeru kaɗai yake ji ba. Ba ya so 'ya'yan baffansa su gan su sun iso da tsumma a taga, su ce talauci ne ya koro su neman sulhu. So yake mota ta tsaya a ƙofar gidan tana walƙiya, kowa ya fito kallo.

Ya shiga kasuwar kayan mota. Roba ta farko ta yi kauri, ta biyu ta yi siriri. Bakanike ya samo ta wata mota dabam, ya ce za a datse ta a liƙa, za ta riƙe. Habila ya ce shi ba ya aikin faci. Ya aika can birni a nemo masa ainihin tata, ya zauna jira.

Baba kuwa ya riga ya aika ƙauye cewa yana nan tafe. Kowane mako sai ya ce, “Robar ta zo?” Habila ya ce, “Tana hanya, Baba.” Daga baya tsohon ya daina tambaya. Habila ya ɗauka ya manta ne, har ya ji sanyi a ransa.

Ana nan sai roba ta iso. Shi da bakanike suka ciccire tsohuwar, suka goge gurbinta, suka shafa wa sabuwar ruwan sabulu domin ta zame ta shiga, suka bi ta da yatsa har ta zauna daram. Habila ya kwara bokitin ruwa a kan gilashi, ko ɗigo bai shiga ba. Ya tuƙo gida yana murna, tun daga ƙofa yana cewa, “Baba, gobe sai ƙauye!”

Sai ya tarar da baƙo a kan tabarma, Baba kuma ya sunkuyar da kai. Baƙon ya ce Istifanus ya rasu da safiyar nan, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ya ƙara da cewa, “Tun da ya ji Yayansa na tafe, kullum sai ya sa a share ƙofar gida.”

Suka kama hanya domin jana'iza. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, amma cikin motar a bushe yake ƙayau. Ba iska, ba ƙarar gilashi, robar ta rufe kome. A cikin wannan shiru Habila ya riƙa jin kukan mahaifinsa, wanda yake ƙoƙarin haɗiye shi don kada ɗansa ya ji. Tsohon bai zarge shi da kome ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Har suka isa, Habila bai iya ɗaga ido ya dube shi ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ta da wuya. Roƙon Baba Irmiya shi ne muryar Ruhun Allah da ke ce maka ka tashi ka shirya da ɗan'uwanka. Robar kuwa ita ce ƙaramar hujjar da muke riƙewa mu ce sai ta cika. Roba ba mugun abu ba ce, shi ya sa take da haɗari, domin wanda ya fake da ita gani yake hankali yake yi. Wani yana jira sai ya sami aiki don kada a raina shi. Wata tana jira sai Kirsimeti, ko sai ta tsara kalmomin da ba za su zubar mata da girma ba. A ƙarƙashin duka girmankai ne, kuma garin neman gira ake rasa ido. Wani lokaci ma ba kai kaɗai za ka yi hasara ba, jinkirinka zai tare wa wani hanyar salama, kamar yadda Habila ya tare wa mahaifinsa.

Allah bai ce sai ka kammala za ka je ba. Zumunta a ƙafa take. In akwai sunan da ya faɗo maka a rai tun da na fara maganar nan, yau mai sunan yana da rai, yana kuma iya amsa sallamarka. Gobe kuwa ba wanda ya yi maka alkawarinta.