Yankan Bahago a Garkar Inabi

Akwai wani mutum mai 'ya'ya biyu maza. Da ya rasu aka raba musu gonarsa. Babban ya sami wajen ƙasa mai kyau, ƙaramin ya sami gefen dutse.

Babban ɗan, manomin dawa ne, bahago, ba wanda ya kai shi iya riƙe lauje. Ƙaramin kuwa ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Tun uban yana da rai ya rataya garayarsa ya shiga duniya, ya yi kiɗa a garuruwa masu nisa. A wata ƙasa ya yi ƙodago a garkar inabi, ya koyi tsinka da matsewa, amma bai jira ya ga abin da ake yi wa itacen da rani ba, ya ƙara gaba. A wani birni kuma ya rubuta littafin waƙoƙinsa. Bayan shekaru ya komo gida da garaya, da littafi, da dashen inabi cikin jiƙaƙƙen buhu.

Ya dasa a gefen dutsen nan. Inabin ya yi ganye har ya rufe shinge, 'ya'yan dai kaɗan ne. Duk da haka gari ya ɗauka. In babban ya je kasuwa sai a ce, "Ka ji sabuwar waƙar ƙanenka?" A masussuka a ce, "An karanta mana littafin ƙanenka jiya." Sannu a hankali sunansa ya ɓace a bakin mutane, sai dai a ce yayan mai garaya.

Ya ce wa matarsa, "Ni na zauna, ni na binne Baba. Wanda ya tafi yawo shi ne mutum? Taura biyu ma ba ta taunuwa, shi ya cusa uku a baki."

Ta ce, "To, maigida, haƙoranka ne ko nasa?"

Ana nan sai mai gari ya sa bikin ɗansa bayan kaka, ya aika wa ƙaramin ya tanadi ruwan inabi, ya kuma zo da garayarsa. Babban ba wanda ya aika masa da komai.

Wata rana da bazara, ƙaramin ya tafi kiɗan suna a wani ƙauye. Babban ya wasa laujensa, ya tsallake shinge. Abin da ya sani shi ne, in an sare karan dawa ya mutu ke nan. Ya bi itacen ɗaya bayan ɗaya yana datse rassa, har garkar ta koma kututture tsirara.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shi kuwa kullum yana gindin tsamiya yana leƙen garkar, yana jira ta bushe. Matarsa ta ce, "Maigida, ciyawa ta kai gwiwa."

Ya ce, "Bari tukuna."

Kututturan suka yi toho. Suka fid da nonnan inabi masu nauyi, har sai da aka tokare rassan da gwafa. Dawar babban kuwa ciyawa ta shaƙe ta, ƙuduji ya ƙarasa sauran.

Ran biki aka sha, aka yi ta mamakin zaƙin ruwan inabin. Mai gari ya tambayi ƙaramin asirin abin. Babban yana can baya yana sauraro. Ƙaramin ya ce, "Ranka ya daɗe, wani gwani ne da ya fi ni ya gyara mini garkar." Ya ci gaba da kiɗinsa.

Kashegari ya koro jakuna da dawa zuwa ƙofar wansa. Ya ce, "Yaya, ina kwana? Tun ranar da na dawo na gane hannunka. Yankan duk ya karkata hagu. Na yi kuka, na yi fushi, na rantse ba ni ba kai."

Babban ya sunkuyar da kai ya ce, "Don garkar ta mutu na yanka."

Ƙaramin ya ce, "Na sani. Ita ce dai ba ta sani ba. Ni ban taɓa iya yanke ko reshe ɗaya ba, kowanne ina sonsa, shi ya sa nake girbin ganye. Baɗi ka zo da laujenka, amma ta ƙofa."

Babban ya dubi rumbunsa da ba kome, ya dubi jakunan. Sa'an nan ya sa hannu ya kwance igiyar kayan. Da bazara ta kewayo ya shiga garkar ta ƙofa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Garkar ita ce baiwar da Allah ya ba maƙwabcinka, laujen kuwa taka baiwar ce. Babban yana da hannun da duk garin ba irinsa, amma bai ga amfaninsa ba sai ranar da ya ɗaga shi don ɓarna. Hassada ga mai rabo taki ce. Ba ta hana inabi 'ya'ya ba, dawar mai ita ta ci. Wani a cikinmu ba ya iya raira waƙa a sujada domin wani ne aka ba gaba. Wani ɗan'uwansa ya dawo daga nesa ana ta gaishe shi, shi kuwa tuwo ya ƙi wuce masa.

Masu yawo kuma, masu hannu a kowace sana'a, kada su yi dariya. Mai garayar nan ganye yake girbi har ranar da aka datse shi, kuma da zafi aka datse.

Kai da ke zaune a gindin tsamiya kana jiran garkar wani ta bushe, waiwaya ka dubi taka gonar. Ciyawa ta kai gwiwa.