Takardar da Malam Haladu Ya Goge

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa wasunku za su fara ƙirga 'yan uwansu. Mu kira shi Tasi'u. Lokacin da aka kwashe tafireta daga ofisoshi aka jibge a sito ne, kwamfuta ta hau kowane tebur. Tasi'u yana aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene, cike da wayoyi da injina masu gurnani. In kwamfutarka ta ƙi tashi, shi za ka kira. In ta tashi, ka manta da shi. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma "mai wayoyi" kawai ake ce masa, shi kuwa ya amsa.

To, akwai wani aikinsa da mutane ba sa son tunawa. Ku saurara da kyau, musamman ku ma'aikata. Duk kwamfutar da ke ma'aikatar nan a haɗe take da wata babbar na'ura a ɗakin Tasi'u. Shafin da ka buɗe a intanet, tana rubutawa. Awa nawa ka yi a kai, tana rubutawa. Takardar da ka tura firinta, da sunanka da sunan takardar da lokacin, tana rubutawa. Ba a ɓoye wa kowa ba, ranar ɗaukar aiki kowa ya sa hannu a takardar da ta faɗi haka. Sai dai wa ke karanta abin da ya sa wa hannu ranar da ya sami aiki? Murna ba ta bari.

A ma'aikatar akwai wani dattijo, Malam Haladu, shugaban sashen ma'aikata. Shekara talatin da huɗu yana aiki, saura wata goma ya yi ritaya da mutuncinsa. Farin gemu, farar riga, kuma shi ke jan sallar azahar a ɗan masallacin ofis. Ba mugun mutum ba ne, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Rauninsa ɗaya: kallon dambe. Da an idar da azahar sai ya ja ƙofa, ya rage murya, ya buɗe bidiyon dambe a kwamfutar ofis, wannan ya ƙare ya danna wancan, har a tashi. Fayil-fayil na jama'a suna jibge suna jiran sa hannunsa.

Ita kuwa na'urar, duk ƙarshen wata takan fitar da sunayen mutum goma da suka fi ɓata lokaci a abin da ba aiki ba, a kai wa Darakta. Tun tsakiyar wata Tasi'u ya ga sunan limaminsa yana hawa sama. Ya rasa sukuni. Sai ya jira lokacin da ba kowa, ya je ofishin Malam Haladu, ya yi sallama, ya rufe ƙofa, ya ɗan rusuna.

"Malam, wata 'yar magana ce. Kwamfutar nan tana ƙirga lokaci. In aka ci gaba haka, sunanka zai fito a rahoton ƙarshen wata, kuma ba ni da ikon cirewa. Na ce gara in zo in faɗa maka tun da sauran kwanaki."

Malam Haladu ya ji kamar an yaye masa riga a kasuwa. Ya ce, "Wato leƙe na kake yi?"

"A'a Malam, ba ni ba ne, na'ura ce. Ni dai..."

"Na ji. Ja mini ƙofar."

Jama'a, kunya in ta shiga zuciya hanya biyu gare ta, ko ta kai mutum ga tuba, ko ta kai shi ga ƙin wanda ya gan shi. Malam Haladu ya daina kallon damben, sunansa bai fito ba. Maimakon godiya, sai ya zama duk lokacin da ya hangi Tasi'u a baranda, sai ya sauya hanya. Ya riƙa ce wa kansa, yaron nan ya riƙe ni, wata rana sai ya faɗa. Ku ji fa, wanda ya rufa masa asiri shi ya zama abokin gaba.

Sai ya yanke shawarar rubuta takardar ƙorafi marar suna. Ya ce Tasi'u yana buɗe saƙonnin mutane na sirri yana karantawa, yana baza su a gari. Ya sa hannu da "Masu Kishin Ma'aikata", shi kaɗai ɗinsa! Ya yi tunanin kai ta shagon buga takardu na bakin titi, sai ya ce a'a, mai shagon ya san shi, zai karanta. Don haka ranar wata Talata ya yi sammako, ya rubuta ta a kwamfutar ofis, ya tura firinta, ya ɗauko. Ya goge takardar, ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya sake gogewa, ya sauke ajiyar zuciya. A ganinsa abin da ya ɓace a gaban idonsa ya ɓace ko'ina. Ya ji tsoron mai shago, bai ji tsoron na'urar da aka riga aka gaya masa tana rubutu ba. Ya zura takardar ta ƙarƙashin ƙofar Darakta.

Daraktar, Hajiya Kubura, mace ce mai zafi amma ba ta zalunci. Ta kira Tasi'u, ta kira Malam Haladu a matsayinsa na mai kula da ma'aikata, ta karanta takardar a gabansu. Ta ce, "Tasi'u, in a nan aka buga wannan, za ka iya gano wanda ya buga?"

Ya ce, "Zan iya, ranki ya daɗe."

Zan iya. Kalmar nan ta sauka a ƙirjin Malam Haladu kamar taɓarya.

Tasi'u ya ci gaba, "Amma ni ake tuhuma. Bai dace wanda ake zargi da leƙe ya wanke kansa da leƙe ba. A kawo wani ya bincike ni." Ya zaro makullan ɗakinsa ya ajiye a tebur, ya rubuta lambobin sirri a takarda ya miƙa mata.

Aka rufe ɗakin, aka aika hedikwata a turo mai bincike. Kafin ya zo, aka zaunar da Tasi'u a bencin masinja, bakin ƙofar shiga. Sati uku, jama'a. Sati uku magidanci yana zuwa ƙarfe takwas, ya zauna a benci, ya tashi ƙarfe huɗu. Magana ta bazu. Waɗanda ya gyara wa kwamfuta sau goma suka daina amsa gaisuwarsa. In ya gifta sai a kife waya a tebur. Har unguwarsu maganar ta kai, wata maƙwabciya ta tare matarsa a gidan suna ta ce, "Ashe maigidan naki haka yake?" Washegari Tasi'u ya koma bencinsa.

Shi kuwa Malam Haladu, tambaya ta hana shi sakat. Tasi'u ya san wanda ya rubuta, ko bai sani ba? In ya sani, me yake jira? Kullum sai ya wuce ta gaban bencin nan, kullum Tasi'u ya miƙe ya ce, "Barka da asuba, Malam." Amma babbar azabar ita ce azahar. Ya juyo ya ce a daidaita sahu, sai idonsa ya faɗa kan Tasi'u, a sahun farko, daidai bayansa, inda ya saba tsayawa. Wata rana tunani ya ɗauke shi har ya zauna a raka'a ta uku yana zaton ta huɗu ce. Sai ya ji murya a bayansa, a hankali, ba gadara: "Subhanallah." Muryar Tasi'u ce. Irin muryar da ya zo da ita ranar da ya rufe ƙofa ya gargaɗe shi. Malam Haladu ya miƙe ya cika salla, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Mai bincike ya zo. Ashe na'urar nan ba ma'aikata kaɗai take rubutawa ba, har mai tsaronta. Duk lokacin da Tasi'u ya buɗe bayanan wani, sai ta rubuta. Aka duba shekara huɗu. Ko saƙo ɗaya na wani bai taɓa buɗewa ba, sai abin da aiki ya ɗora masa.

Hajiya Kubura ta sake kiran su biyun. Ta miƙa wa Tasi'u makullansa, ta ce, "An zalunce ka, har da ni a ciki. Yanzu ka je ka fito mini da sunan. Dokar ma'aikata a fili take, wanda ya yi ƙazafi a rubuce kora ce, ko kwana ɗaya ya rage masa."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba zan miki ƙarya ba. Sunan yana cikin na'ura, ban goge ba, kuma ba zan goge ba, ba nawa ba ne. In kika ba ni umarni a rubuce, zan fito da shi, aikina ne. Amma ni aka yi wa, kuma na yafe. Ina roƙon ki don Allah kada ki ba da umarnin. Kowane ne, yana da iyalin da ke ganin girmansa."

Ta ce, "Kai ka yafe, ma'aikata ba ta yafe ba. Malam Haladu, je ka rubuta umarnin, ka kawo mini bayan azahar in sa hannu."

Allahu akbar. Ku duba yadda Ubangiji ke juya al'amari. Dattijon nan ya koma ofis, ya zauna gaban kwamfutar nan dai, wadda ya rubuta ƙazafin a kanta, zai rubuta takardar tonon asirin kansa. Ya rubuta layi ɗaya, ya kasa ci gaba. Yana nan zaune har aka kira salla.

Aka tayar da iƙama, jama'a suka buɗa masa hanya kamar kullum. Ya zo bakin dardumar liman, ya tsaya bai hau ba. Ya juyo ya kama hannun Tasi'u, ya ce, "Wuce ka ja mu."

Tasi'u ya raɗa masa, "Haba Malam, wurinka ne. Wuce, ana jira."

Ya ce, "Wallahi ba zan iya ba." Hawaye ya gangaro cikin farin gemun nan. Mutane suka zaci rashin lafiya ce, wani dattijo daban ya wuce ya ja sallar.

Da aka watse, suka rage su biyu a kan tabarma. Malam Haladu bai iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar Talatar. Duk safiya rahoton firinta shi nake fara dubawa, don in san inda tawada ta ƙare. Na ga sunanka, na ga sunan takardar, sunana ne a jiki."

"Tun kafin Hajiya ta kira mu?"

"Tun kafin ta iso ofis."

"Kuma sati uku kana bi na salla?"

Tasi'u ya ce, "Malam, layi ɗaya na'ura ta nuna mini. Ba ta nuna mini abin da ke tsakaninka da Ubangijinka ba. Ni ma da akwai injin da ke buga nawa a takarda kowace safiya, da ban iya fitowa daga gida ba."

Daga masallacin Malam Haladu bai koma ofishinsa ba. Ya hau bene ya ce wa Hajiya Kubura, "Ranki ya daɗe, ba sai an rubuta umarni ba. Ni ne." Albarkacin roƙon Tasi'u ba a kore shi ba. Aka sauke shi daga kujerarsa, ya ƙarasa watanninsa a ƙaramin tebur, kuma bai ƙara tsayawa gaban sahu ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Akwai waɗanda suka fi ni." Daga bakin Tasi'u kuwa har yau ba wanda ya ji labarin nan. Malam Haladu ne da kansa ya ba ni shi bayan ya yi ritaya, ya ce in riƙa faɗa, in dai sauya sunaye.

To jama'a, darasin biyu ne, kuma ba zan lulluɓe muku ba. Na farko, kai da kake goge abin da ka duba a waya kafin ka shiga gida, kai da kake rage murya in ka ji takun maigidanka a ofis, na'urar da mutum ya ƙera ma gogewarka ba ta ruɗe ta ba, balle mala'ikun da ke kafaɗunka. Ka ji kunyar mai wayoyi, ba ka ji kunyar wanda ya halicce ka ba?

Na biyu ya fi nauyi. Yanzu kowannenmu Tasi'u ne. Akwai hoton wani a wayarka, akwai saƙon muryar wata da aka turo maka, akwai abin da ka gani a wayar ɗan uwanka da ya ba ka ka gyara masa. Abin da Allah Ya nuna maka na aibin wani amana ce, ba makami ba. Wancan bawan Allah danna maɓalli ɗaya ya raba shi da wanke kansa, ya zauna sati uku a benci bai danna ba. Kai ko zaluntarka ba a yi ba, minti nawa kake yi kafin ka tura wa mutum hamsin?

Kafin ka tashi daga tabarmar nan, ka tuna asirin wa ke aljihunka. Ka rufa masa, domin naka ma yana hannun wani, kuma mai yiwuwa yana tsaye a bayanka cikin sahu, bai ce komai ba. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu kunyar da ke kai mutum ga tuba.