Kwamfutar da Ta Tsaya a Tsohuwar Shekara

Sunan mutumin nan ya ɓace mini, haka ma sunan garinsu. Jiya na zauna ina ta lalube a kaina, ba abin da ya zo sai launin ƙofar gidansa. Ku yi haƙuri da tsufa, ku karɓi abin da ya rage.

Akwai wani mutum mai koya wa mawaƙan ikilisiya waƙa. Yana da goggo a ƙauye, ana ce da ita Afiniki. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka san waƙoƙin yabo na farko da aka rera da yarensu, ba a kuwa taɓa rubuta su ba. Ta tsufa ƙwarai, numfashinta ya soma gajarta. Da ta zo gari ganin likita, sai ya roƙe ta ta kwana, domin ya ɗauki muryarta kafin motar kasuwa ta mai da ita gida washegari da yamma. Ya sani a ransa, da wuya ta sake yin wannan tafiya.

Yana da tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, wadda ta daɗe lulluɓe da zane. Da safe ya kakkaɓe ta, ya jona makirufo, ya kawo manhajar ɗaukar murya da abokinsa ya ba shi a faifai, ya soma sa ta. Koren layin da ke nuna ci gaban aikin ya yi ta tafiya har tsakiya, sai ya tsaya. Wani ɗan akwati ya fito da jar alama, wai ba za a iya ba.

Ya ce laifin faifai ne, ya goge shi da bakin riga. Ya ce wuta ce ba ƙarfi, ya aro janaretan maƙwabci. Ya kashe, ya kunna, ya sake gwadawa, ɗan akwatin nan ya dawo. Inuwa ta soma juyawa a tsakar gida. Goggo kuwa tana zaune a tabarma, ƙunshin kayanta a ɗaure, tana gunaguni da waƙa. Duk sa'ad da ta yi tari, sai ya waiwaya ya dube ta.

Can ta matso kusa, ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido, ta tambaye shi mene ne ɗan rubutun nan da ya maƙale a lungu kamar marar gaskiya. Ya ce kwanan wata ne. Ta ce ya karanta mata. Ya karanta.

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ɗan nan, ashe abin naka bai ji labari ba. A shekarar nan ai mijina yana da rai, kai kuwa ko gemu ba ka yi ba."

Nan idonsa ya buɗe. Manhajar sabuwa ce, kwamfutar kuwa tana zaune a shekarar da ta wuce tuntuni. A wurinta, an kawo mata abu daga ranar da ba ta zo ba tukuna, shi ya sa ta ƙi karɓa. Ya gyara kwanan watan, ya sake sa manhajar. Koren layin ya kai tsakiya, ya wuce, ya cika. Mutumin ya kifa kansa a kan tebur, ya sauke dogon numfashi, ya gode wa Ubangiji.

Goggo ta rera waƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya. Da direba ya aiko cewa mota ta cika, ta ce a gaya masa ya jira, ai ita ta goyi uwarsa. Ya kuwa jira har ta gama.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Kwamfutar nan ita ce zuciyarmu. Wani agogonsa ya tsaya a ranar da ɗan'uwa ya ɓata masa rai, wata kuma a ranar da ta binne ɗanta. Allah yana kawo jinƙai sabo kowace safiya, zuciya tana cewa lokacinsa bai yi ba. Sai mu dinga ɗora laifi a kan fasto, a kan wa'azi, a kan maƙwabta. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, duba lungun zuciyarka. Wace shekara ce a rubuce? In ba ka iya gani, bari wani tsoho ya matso ya tambaye ka.

Daga baya na je wurin wani mai gyaran kwamfuta, don kada in koya muku abin da ba haka ba. Ya buɗe wata ya nuna mini ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ne yake riƙe lokaci in an kashe wuta. Ya ce in ya mutu, ko ka gyara kwanan wata yau, gobe za ta koma tsohuwar shekararta. Sai an buɗe cikin an sa sabo.