Rijiyar Tudun Gawo

Ku gyara zama ku ji wannan, in na gama ku raba mini gardama.

Shekarar da madatsar ruwan Tudun Gawo ta ƙafe, babu wanda ya zauna wuri ɗaya a garin. Famfuna suka bushe. Mata na yawo da bokitai daga unguwa zuwa unguwa, 'yan garuwa na dambe a bakin kududdufi, wasu magidanta har sun fara ɗaure kaya. Hukumar ruwa ta haƙa burtsatse shida, ko laima ba a gani ba.

Sai Tanimu, wani tsohon mahaƙin rijiya, ya ɗauki sandarsa. Kwana goma sha tara yana zagaya bayan gari, yana duba ciyayi, yana ɗanɗana ƙasa, mutane na cewa ya taɓu. A rana ta ashirin ya tsaya cikin wani lambu ya ce, "Nan ne. Ruwan yana da zurfi, amma in aka taɓa shi, da kansa zai hau."

Lambun kuwa na Inna Delu ne. Mijinta ya rasu ya bar mata shi, da mangwaron ciki take ciyar da jikoki huɗu. Aka ce sai an sare mangwaron kafin a haƙa, 'yan'uwanta suka yi ta sintiri suna hana ta yarda. Ta ce wa ma'aikata, "Ku sare, 'ya'yana. Jikokin nawa ma ƙishin suke ji." Ta juya baya aka kayar da itatuwan.

Injiniya Hashimu na hukumar ruwa ya kafa injinsa. Mako uku ana haƙa, dutse kawai ake ci. Takarda ta zo daga ofis cewa ya kwashe kayansa. Ya ninke ta ya sa aljihu, ya ce wa ma'aikatansa, "A ƙara bututu." Aka sallame shi daga aiki, bai daina haƙa ba. Ranar da aka zo ɗauke injin, da hantsi, sai ƙasa ta yi gurnani, ruwa mai ɗumi ya yi tsiri ya wuce tsayin soro. Aka ja bututu har famfon ƙarshen gari.

Yanzu an gina gidan ruwa, hakimi ya ce sunan mutum ɗaya za a sa masa. Gari ya rabu uku, har yau allon ƙofar babu rubutu.

To jama'a, tsakanin Tanimu da Delu da Hashimu, sunan wa ya kamata a rubuta?