Dariyar Cindo a Gonar Rake

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun zamanin da maƙwabci kan leƙo in bai ga maƙwabcinsa a masallaci ba. Allah sarki, wancan zamani! Sunansa Nomau, gadin gonar rake yake yi.

Yana da amini, Cindo, wanda tun rasuwar matarsa ya shige ɗaki. Ba ci, ba magana, har ya fara cewa rayuwar ta ishe shi. Yayarsa Tabawa ta shirya kai shi asibiti ranar Laraba.

Ana saura kwana biyu, Nomau ya ja shi gona don kada ya kwana shi kaɗai da wannan tunani. Aladun daji suka hana su runtsawa, su biyun suna ta buga gwangwani don korar su har asuba. To, ku saurara! Gari na wayewa Cindo ya karya rake ya sha, ya yi dariya. Dariya fa, jama'a, bayan wata bakwai!

Gari ya ɗauka, wai Nomau tofi ya yi. Mutumin da jiya ba a damu da sallamarsa ba, yau ana shimfiɗa masa buzu. Tabawa tana hawaye ta ce, "Malam Nomau, ka gama mana komai. Asibiti kuma na mene ne?"

Wa zai ƙi wannan girma? Ni kaina ban rantse ba. Nomau ma ya ji daɗin a ransa, amma ya dubi amininsa, tsoro ya kama shi.

Ya ce, "Yaya, wallahi ban tofa komai ba. Barci ne kawai bai yi ba. Kada ki fasa Laraba."

Aka yi tsaki, aka naɗe buzu. Cindo ya yi barci ya tashi, damuwar ta dawo sabuwa fil. Ranar Laraba Nomau ne ya goya shi a keke zuwa asibiti. Likita ya ce rashin barci kan motsa sinadaran ƙwaƙwalwa, mai ciwon damuwa ya ji sauƙi na ɗan lokaci, amma magani sai an bi shi da haƙuri. Cindo ya bi, ya rayu har ya ga jikokinsa.

Jama'a, gaskiya ce ta ceci Cindo. Yau kowa likita ne, ko gaisuwa ka yi sai an rubuta maka magani. In an kawo maka mai ciwo, ka zauna da shi, ka raka shi wurin masu sani. Ka iya cewa "ban sani ba", ko da za a naɗe maka buzu.