Farfesar Kwali ta Murshid Bazaar

Akwai wata matashiya a Dubai, Nana Firdausi, da ba ta iya tafiya a hanya ba tare da waiwaye ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu mahaifiyarta ta cire ta daga aji ta kawo ta da bizar ziyara. Biza ta ƙare, uwa ta rasu, mijin da Firdausi ta aura daga baya aka kama shi aka mayar gida. Aka bar ta da goyon 'yarta A'i, ita ma ba ta da takarda ko ɗaya.

A shagon kargo na Alhaji Dikko take aiki, a Murshid Bazaar. Ita ke rubuta sunan mai kaya da lambar wayarsa a jikin kwali kafin a ɗaure. Ko jiniya ta ji daga nesa, sai alƙalami ya kuɓuce mata.

Amma abin da ke cin ta a rai karatu ne. Tana da tsohon littafin lissafi da wata ɗaliba ta bar mata a unguwar Al Qusais. Alhaji ya hana ta shigo da littafin rubutu, wai ba makaranta ya buɗe ba. Sai ta koma yin aikinta a cikin murfin kwali, ta rufe, a ɗaure, ya kama hanyar Kano. Jama'a, kun taɓa jin aikin gida ya hau jirgin ruwa?

Ranar da Alhaji ya gane, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Farfesar kwali! Ke da ko sunanki babu a kwamfutar ƙasar nan, wa zai bar ki ki zauna jarrabawa? Yalla, ɗaure kaya."

Maganar ta yi mata ciwo, don ta san gaskiya ce. Duk da haka ba ta daina ba.

A watan Satumba na 2018, wata dattijuwa ta shigo shagon tana tambayar wa ke rubutu a cikin kwalayenta. Firdausi ta ajiye alƙalami. Ta lallaɓa bayan dilolin kaya ta rungume A'i, tana jiran ta ji an ce a kira 'yan sanda. Alhaji ya fito da ita yana ba baƙuwar haƙuri, yana rantsuwa yau zai sallame ta.

Dattijuwar, Hajiya Umma, malamar sakandare ce da ta yi ritaya ta koma sarin mayafai daga Dubai zuwa Kano. Ta buɗe jaka ta fito da murfunan kwali ɗaure da igiya. Kowanne an bi shi da jan biro.

"'Yata, shekara biyu ke nan kina ajina, ke ce ba ki sani ba," in ji ta. "Wannan kin faɗi, alamar ragewa kika manta. Sauran duk kin ci."

Firdausi ta fashe da kuka. Alhaji kuwa ya shiga gyara hula.

Hajiya ta ce mata ana afuwa ga marasa takarda a lokacin, ta karɓi izinin fita ta biyo ta Kano. Firdausi ta ji tsoro, don a kasuwa ana ta cewa tarko ne. Kwana uku tana kai da kawo. A na huɗu ta goya A'i, Hajiya na riƙe da hannunta, suka shiga layi.

A 2021 ta zauna jarrabawar kammala sakandare a Kano. Da aka raba takarda, ta fara da layin farko, wurin rubuta suna. Ta rubuta sunayen mutane a dubban kwalaye, ranar ce aka ce ta rubuta nata.

Darasi: Kada ka daina ƙoƙari don kana ganin babu mai kallo, kuma kada ka raina mai neman ilimi saboda halin da yake ciki. Ku tura wa duk wanda ke shirin ajiye littafinsa yau.